Daga Nuni Zuwa Ɓoyo: Ma'anoni da Amfanin Kalmar “Cupboard” a Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin kalmar Ingilishi “cupboard”, wadda Hausa ta ara ta mayar kabad, domin a ga yadda ma'anarta ta sauya daga ƙarni na 14 zuwa yau, da yadda masu harshen suke amfani da ita a cikin gida da cikin zance. Abin da ya sa aka zaɓe ta shi ne irin juyin da ta yi. Da fari sunan wurin da ake baje kaya ne don baƙi su gani, yau kuwa sunan wurin da ake rufe kaya ne don kada a gani. Da'awar takardar ita ce rabe-raben sauyin ma'ana da aka saba koyarwa, irin su faɗaɗa da ƙuntatawa, ba za su iya bayyana wannan juyi su kaɗai ba, sai an haɗa da tarihin abin da kalmar take ambata da matsayinsa a idon jama'a. A ƙarshe za a duba abin da ya sami kalmar bayan ta shigo ɗakin Bahaushiya.

2.0 Ra'ayoyin Magabata

Littafin Michel Bréal na 1897 ne ya kafa harsashin ilimin ma'ana a Turai, kuma tun daga lokacin masana suka duƙufa ga rarraba sauyin ma'ana gida-gida. Leonard Bloomfield, a littafinsa na 1933, ya jero nau'i tara, cikinsu har da ƙuntatar ma'ana da faɗaɗarta. Misalin da aka fi sani shi ne kalmar “meat”, wadda a da take nufin abinci kowane iri, daga baya ta tsaya ga nama. Irin wannan rabo yana da amfani wajen koyarwa, amma yana auna girman da'irar ma'ana ne kawai, ko ta ƙaru ko ta ragu. Ba ya faɗin dalili.

Gustaf Stern, a 1931, ya fi kusantar matsalar da ke gabanmu. Cikin nau'o'i bakwai da ya ware akwai wanda za a iya kira musanyar abin ambato, wato inda kalma take zaune yadda take amma abin da take nufi ya sauya saboda sauyin fasaha ko al'ada. Kalmar alƙalami misali ce a Hausa: sunan da aka ba wa fiƙaƙƙen kara shi ne har yau ake ba wa abin rubutun zamani. Stephen Ullmann, a 1962, ya sa irin wannan cikin dalilan tarihi na sauyin ma'ana. Kafin Stern da Ullmann, Rudolf Meringer da abokan aikinsa sun kafa wata mujalla a 1909 mai suna da ke nufin “kalmomi da abubuwa”, suna cewa ba a raba tarihin kalma da tarihin kayan da take kira.

Ta wani ɓangaren kuma akwai gwajin William Labov na 1973. Ya nuna wa mutane zane-zanen mazubai masu bambancin faɗi da zurfi, ya nemi su faɗi sunan kowanne. Sunan da suka bayar ya riƙa sauyawa gwargwadon abin da aka ce su ƙaddara yana ciki, ko abin sha ko abinci ko furanni. Darasin da wannan takarda ta ɗauka daga nan shi ne aikin abu yana cikin ma'anar sunansa, ba siffarsa kaɗai ba. George Lakoff da Mark Johnson, a 1980, sun ƙara da nuna yadda tunanin mazubi, mai ciki da waje, yake zama tushen siffantawa a maganar yau da kullum. Giɓin da ya rage shi ne musanyar Stern ta fi dacewa da abin da ya sauya siffa amma ya riƙe aikinsa. Kabad kuwa aikinsa ne ya juya.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bayani ne, ba na ƙididdiga ba. An dogara ga ƙamusoshin Ingilishi na zamanai daban-daban, musamman na Samuel Johnson na 1755, da na Francis Grose na maganganun 'yan titi a bugunsa na 1811, da babban ƙamus na Oxford wanda ya jera ma'anoni bisa tarihi. An haɗa da rubuce-rubucen adabi da na tarihi inda kalmar ta fito, da abin da aka sani na tarihin kayan katako a Ingila. Kowace ma'ana an auna ta da tambayoyi uku: mece ce siffar abin, me ake sa wa a cikinsa ko a kansa, kuma wa ake so ya gani. Tambaya ta uku ita ce ta fi ba da haske.

4.0 Nazari

4.1 Ƙira da Furuci

Kalmar harɗaɗɗen suna ce mai sassa biyu. “Cup” shi ne kofi ko moɗa, asalinsa daga Latin na baya-baya. “Board” kuwa a tsohon Ingilishi katako ne shimfiɗaɗɗe, daga nan ya zama sunan teburin cin abinci. Wannan tsohuwar ma'ana ta tebur ba ta mutu ba. Ita ce a cikin “boarding school”, makarantar da ake ciyar da ɗalibai, wadda Hausa ta ara a matsayin bodin, kuma ita ce ta sa ake kiran majalisar gudanarwar kamfani “board”, wato waɗanda suke zama a tebur guda. Saboda haka ma'anar kalmar bisa ƙira ita ce teburin kofuna.

A furuci, sassan biyu sun narke. Baƙin p ya nashe cikin b da ke biye da shi, wasalin gaɓa ta biyu ya raunana saboda ƙarfin furuci yana kan ta farko, kuma a karin kudancin Ingila ba a furta r ɗin. A rubuce-rubucen ƙarni na 16 da na 17 ana samun kalmar babu p ko kaɗan, alamar cewa furucin ya daɗe da sauyawa kafin a daidaita rubutu. Idan aka kwatanta da sabon harɗi irin “clipboard”, inda ake furta p da b duka, za a ga bambancin. Wannan narkewa tana da tasiri ga ma'ana: da zarar kunne ya daina jin kofi da tebur a cikin kalmar, babu abin da ya rage da zai ɗaure ta ga kofuna ko ga shimfiɗaɗɗen katako. Ta sami sararin tafiya inda abin ya tafi.

4.2 Ma'anar Farko: Dandamalin Nuna Dukiya

Kalmar ta bayyana a rubuce a ƙarni na 14. Abin da take nufi a lokacin tebur ne, ko matakala ta katako hawa-hawa, da ake kafawa a zauren cin abinci na sarakuna da manyan attajirai, a lulluɓe shi da farin ƙyalle, a jera kofuna da farantan azurfa da na zinariya a kai. Ba shi da ƙofa, don rufe shi zai kashe amfaninsa. A zamanin da babu bankuna irin na yau, dukiyar babban gida tana cikin ƙasa da kayan azurfa, waɗanda za a iya narkarwa ko jinginarwa idan buƙata ta taso. Baje su a gaban baƙo sanarwa ce ta ƙarfin mai gida.

Yawan hawan matakalar ma yana da magana. George Cavendish, wanda ya yi wa Kadinal Thomas Wolsey hidima kuma ya rubuta tarihinsa, ya bayyana liyafar da aka yi wa jakadun Faransa a fadar Hampton Court a 1527. Ya ambaci kabad mai hawa shida da ya cika faɗin ɗakin, shaƙe da kayan da aka shafe da zinariya. Abin lura a bayaninsa shi ne ba a taɓa waɗannan kaya ba a lokacin cin abincin, domin akwai wasu isassu da aka yi hidima da su. Kayan kan kabad na ido ne kawai. Har kalmar takan tashi daga katakon ta koma kan kayan da kansu, a ce wane yana da kabad na azurfa, ana nufin tarin farantansa. Wannan kinaya ce ta ambaton mazauni a nufi abin da ke kai.

Ma'anar ta kai zamanin Shakespeare da rai. A wasan Romeo and Juliet, a fitowa ta biyar ta kashi na ɗaya, ana umurtar barori su kawar da “court cupboard” su kula da kayan azurfa domin a sami filin rawa. Wannan kabad ne buɗaɗɗe mai hawa biyu ko uku, wanda ya yi tashe a ƙarni na 16 da na 17.

4.3 Shigowar Ƙofa

Ingilishi yana da wata kalma ta daban don rufaffen ma'aji, wato “aumbry”, daga kalmar Latin da ta haifi sunan abin a Faransanci da Fotugis. Sai kafintoci suka fara haɗa abubuwan biyu a jiki guda: saman ya zama na jere, ƙasan ya zama ma'aji mai ƙofa. Akwai kuma “livery cupboard”, wanda ake huda ƙofarsa ko a yi mata sanduna don iska ta shiga, ana ajiye burodi da abin sha na rabon dare a ciki. Da sannu sunan saman ya mamaye dukan abin, sannan ya zarce zuwa ma'ajin da ba shi da saman jere ko kaɗan. Tsohuwar kalmar “aumbry” ta ja da baya, har ta kusa tsayawa ga ƙaramin ma'ajin bango a majami'u.

Shakespeare da kansa shaida ne cewa ma'anonin biyu sun zauna tare na wani lokaci. A farkon wasan Coriolanus, cikin almarar gaɓoɓin jiki da suka yi wa ciki tawaye, ya mayar da kalmar aikatau, ana zargin ciki da tara abinci yana ɓoyewa. Marubuci ɗaya ke nan, da kabad na nuni a wani wasa, da kabad na ɓoyo a wani. Zuwa 1755 juyin ya kammala. Johnson ya bayyana kalmar a matsayin akwati mai kantoci da ake sa abinci ko kayan yumɓu a ciki. Azurfa ta fita, yumɓu ya shigo. Darajar abin da ke ciki ta sauka, kuma kalmar ta bar zauren sarki ta shiga madafin talaka. Aikin nuni bai ɓace daga gidajen Ingila ba, wasu sunaye ne suka gaje shi, irin su “sideboard” da “dresser”.

A nan ne raunin rabon Bloomfield yake fitowa. Idan aka ce ma'anar ta faɗaɗa, gaskiya ne, tunda yanzu ba kofuna kaɗai ake sa wa ba. Idan aka ce ta ƙuntata, shi ma gaskiya ne, tunda buɗaɗɗen tebur ya fita daga cikinta. Duk biyun ba su taɓa ainihin abin da ya faru ba, wato ƙofa ta tashi daga abin da kabad ba ya da shi ta zama sharaɗin kiransa kabad.

4.4 Amfanin Yau da Kullum

A Ingilishin Birtaniya na yau kalmar ta rufe abu uku: kayan katako mai tsayuwa da kansa, da ma'ajin da aka kafe a bangon kicin, da ƙaramin lungu mai ƙofa da aka gina cikin gida. Na biyun ya yawaita ne bayan yaɗuwar ginannen kicin, wanda ake danganta farkonsa da tsarin da Margarete Schütte-Lihotzky ta zana a Frankfurt a 1926. Na ukun shi ya fi nisa da asali, don babu tebur a cikinsa, wani lokaci ko kanta babu. “Airing cupboard” lungu ne da tankin ruwan zafi yake ciki, inda ake ajiye zannuwan gado da tawul su ƙarasa bushewa. Akwai na tsintsiya da kayan shara, akwai kuma na ƙarƙashin matakalar bene, wanda littafin J. K. Rowling na 1997 ya sanar da duniya, tun da can aka kwantar da Harry Potter. Mai karatu ɗan Birtaniya yana gane wulaƙancin nan take: an sa yaro a inda ake jefa abin da ba a son gani. Masu rubuta dabarun girki kuma suna amfani da “store cupboard” su siffanta kayan da ba sa lalacewa da wuri, kamar shinkafa da gwangwanaye da kayan ƙamshi.

Karin harshe yana raba wannan fili daban-daban. A Amurka, lungun da aka gina cikin gida “closet” ne, na bangon kicin kuma an fi ce masa “cabinet”, don haka “cupboard” ta fi ƙunci a can. A Ayalan da Sikotilan ana jin “press”, har lungun tankin ruwan zafi ake kira “hot press” a Ayalan.

4.5 Ma'anonin Azanci

Duk maganganun azanci da suka tsiro daga kalmar sun fito ne daga ma'ana ta biyu. Ba ɗaya da ya gaji zamanin azurfa, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi cewa juyin ya cika kafin su samu.

Sun kasu rukuni biyu. Na farko yana ɗaukar kabad a matsayin ma'ajin abinci. “Cupboard love” ƙauna ce ta ganin abin hannu. Ƙamus ɗin Grose ya bayyana ta da soyayyar ƙarya da ake nuna wa mai girki ko wani don samun abinci, ya kuma kawo wata tsohuwar magana inda ake cewa hanjin mutum yana kiran kabad, wato yana jin yunwa. A yau an fi faɗarta ga yara da kyanwa da kare, cikin raha. Amma kalmar ta shiga ilimin halayyar ɗan'adam da nauyinta. John Bowlby, a maƙalarsa ta 1958 kan shaƙuwar jariri da uwa, ya yi amfani da ita wajen laƙaba wa ra'ayin da yake suka, wanda ke cewa jariri yana son uwa ne don ita ke ciyar da shi. A 1958 ɗin kuma Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya bayyana gwajinsa da 'ya'yan birai, waɗanda suka riƙa manne wa uwar ƙarya ta ƙyalle mai laushi ko da madarar tana jikin wadda aka yi da waya. Zaɓen laƙabin dabara ce ta muhawara: sanya wa ra'ayin masana sunan da ake tsokanar kyanwa da shi ya rage masa kwarjini tun kafin a kawo hujja.

Daga wannan tushe ne kuma ake cewa kabad ya zama wayam, da siffar “bare”, idan kuɗi ko tanadi ya ƙare. Maganar ta yaɗu ta hanyar waƙar yara ta Old Mother Hubbard, wadda aka buga a Landan a 1805 da sunan Sarah Catherine Martin. 'Yan siyasa da 'yan jarida suna faɗarta a kan baitulmali, masu sharhin wasanni kuma a kan ƙungiyar da ta rasa gwanaye.

Na biyu yana ɗaukar kabad a matsayin maɓoya. Samun ƙwarangwal a cikin kabad, “skeleton in the cupboard”, shi ne ɓoye wani abin kunya na gida ko na tarihin mutum. Maganar ta ƙarni na 19 ce, kuma da “closet” aka fi saninta da fari, yadda Amurkawa suke faɗa har yau. Bayanin da ya fi dacewa da sauyin da aka yi a Birtaniya shi ne “closet” ta shaƙu da sunan makewayi a can, sai kabad ya maye gurbinta. A wannan magana kalmar ta kai iyakar nisanta da kabad ɗin Wolsey.

4.6 Kabad a Ƙasar Hausa

Sigar kabad ta nuna cewa ta kunne aka ari kalmar, ba ta takarda ba. Babu p, babu r, kuma wasalin gaɓar farko ya zama a, kamar yadda ya faru a bas da gam. Wannan shi ne furucin Turawan Ingila da aka yi hulɗa da su a zamanin mulkin mallaka. Mai magana da Hausa ba ya jin kofi a cikinta, kamar yadda Bature ba ya ji.

Ma'anar ajiya ta shigo tare da kalmar, ana kuma jin ta a ofis da makaranta da asibiti. A cikin gida kuwa kabad ya tarar da al'adar jere a zaune. Tun kafin zuwansa iyaye suna ƙawata ɗakin amarya da ƙorai da tasoshi, sannan kwanonin sha da langa da fanteka, daga baya tangaran. 'Yan jere sukan je su tsara su ɗaya kan ɗaya, kuma mata masu zuwa ganin ɗaki suna karanta ƙoƙarin iyayen amarya daga abin da suka gani. Yawancin kayan ba na girkin kullum ba ne. Kadara ce ta mace, wadda takan sayar idan ta shiga matsi, ko ta adana don auren 'yarta. Da kafintoci suka fara yin kabad mai fuskar gilashi, jere ya hau cikinsa. Gilashin ya warware saɓanin da ya raba ma'anonin Ingilishi biyu, domin yana tsare kaya daga ƙura ba tare da ya tsare su daga ido ba.

Kamancin da ke tsakanin wannan da kabad na ƙarni na 14 a bayyane yake: mazubai masu daraja, jerin hawa-hawa, dukiyar da za a iya mayarwa kuɗi, da baƙon da ake so ya gani. Sai dai kuskure ne a ce Hausa ta adana tsohuwar ma'anar Ingilishi, kuma ya kamata masu nazarin aron kalmomi su guji irin wannan hukunci duk daɗinsa. Lokacin da aka ari kalmar, ma'anar nuni ta yi shekaru ɗaruruwa da barin bakin Turawa. Al'adar jere ce ta ɗora wa kabad aikin da take buƙata.

Ma'anonin azancin kuwa ba su biyo kalmar ba, domin guraben a cike suke. Inda Bature zai ambaci kabad da ya zama wayam, Bahaushe rumbu yake ambata, ko ya ce ba a ɗora tukunya ba. Ƙaunar kabad ita ce son abin hannu. Abin kunyar da ake ɓoyewa kuma yana ƙarƙashin rufin asiri da tonon asiri, waɗanda ba su jingina da wani kayan ɗaki ba. A fagen kayan gida ma kabad yana raba wuri da wasu kalmomin aro, irin su durowa da sif na tufafi, kuma a gidajen birni da aka gina da kicin na zamani kwanonin sun fara barin ɗakin kwana suna komawa bayan ƙofofin katako. Wannan ƙaura ita ce ya kamata a bi da binciken fili a kasuwannin kafintoci na Kano da Zariya da Sakkwato, a ji sunan da masu yi da masu saye suke ba wa kowane iri.